Tambaya da Amsa: Bin Sawun Limamin Cocin Ƙauye a Faransa

Tambaya: Matata Bafaranshiya ce, kuma muna tattara wa 'ya'yanmu tarihin danginta. Kakarta ta sha faɗa mata cewa a zuriyarsu an yi wani fada, wato limamin Katolika, da ya riƙe cocin wani ƙauye gab da juyin juya halin 1789, amma ban da sunan gidansu da na ƙauyen ba mu da komai. Ta ina za mu fara?

Amsa: Malam, abin da kuka riƙe ɗin nan ya isa a kama hanya. Da yake limaman Katolika ba sa aure, mai yiwuwa wa ne ko ƙane ga ɗaya daga cikin kakannin matarka, don haka ta gefen 'yan'uwansa za ku same shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne, mutumin da kuke nema shi ne mai riƙe da alƙalamin. Tun dokar Sarki Faransuwa na Ɗaya ta 1539 aka ɗora wa limaman coci rubuta sunan duk jaririn da aka yi wa baftisma, daga baya aka haɗa da aure da jana'iza, kuma haka aka ci gaba har 1792, lokacin da aikin ya koma hannun hukumar gari. Waɗannan littattafai suna ma'adanar tarihi ta gundumar da ƙauyen yake, akasarinsu kuma an sa hotunansu kyauta a intanet. Ku bi su shafi bayan shafi kuna duba ƙasan kowace shaida, inda liman yake sa hannu tare da kalmar curé idan shi ne babba, ko vicaire idan mataimaki ne. Shekarar da sa hannunsa ya fara bayyana da wadda wani rubutun hannu ya maye gurbinsa su ne iyakar zamansa a ƙauyen. Ku lura sosai da auren da ya ɗaura wa masu sunan gidansu, domin a nan akan ambaci cewa ɗan'uwan mahaifin amarya ne ko na ango.

Idan sawunsa ya ɓace wajen 1791 ko 1792, kada ku ɗauka rasuwa ya yi. Limamai da yawa sun ƙi rantsuwar biyayya ga dokar da gwamnatin juyin juya hali ta kafa kan coci a 1790, aka tuɓe su, wasu suka yi gudun hijira zuwa Ingila ko Sifen.

Takardar da ta fi warware asali ita ce titre clérical, wadda dangi suke rubutawa a gaban marubucin shaida kafin a naɗa saurayi liman, suna lamunce masa abin da zai rayu da shi. A cikinta galibi za ku ga sunan iyayensa da garinsu, sai ku gwama da abin da kakar matarka ta faɗa.