Tambaya da Amsa: Neman Gidan Haya Mai Sauƙi a Bodinga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, an yi mini canjin wurin aiki daga Sakkwato zuwa Bodinga. Ina da mata da 'ya'ya biyu, albashi kuwa sai godiyar Allah. Ta ina zan fara neman ciki da falo daidai ƙarfina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A gari irin Bodinga da baki ake jin labarin gidan haya. Fara da shugaban makarantarku, sannan mai unguwa da limamin unguwar da kake so. Su suka san wanda ya koma birni ya bar sashensa a kulle, kuma irin wannan mai gida ya fi damuwa da mai riƙon amana fiye da yawan kuɗi. Dillali sai in waɗannan sun gagara. La'adarsa yawanci kashi 10 cikin 100 ce, ku yanke ta kafin ya kai ka.

In ka samu, fara duba ruwa. Tambayi maƙwabta, ba mai gida ba, ko rijiyar tana ƙafewa a Afrilu da Mayu. In tana ƙafewa, abin da ka rage a haya 'yan garuwa za su kwashe shi. Sai ka ɗaga kai ka duba rufi. Kwano babu silin, da bazarar Sakkwato da zafi ke haura digiri 40, yara ba za su iya barci ba. Ginin ƙasa mai rufin azara ya fi sanyi, sau da yawa ma ya fi araha, amma ƙwanƙwasa azarar ka ji ko gara ta cinye cikinta, ka duba indararo. Tabon ruwa a bango alamar yoyo ce da damina. Leƙa masai ka ga ko ya kusa cika, ka nemi takardar wuta ta ƙarshe, kada ka gaji bashin wanda ya tashi.

Abin da ya fi jefa mutane cikin rigima shi ne gidan gado. Ɗan'uwa ɗaya ya karɓi kuɗi, sauran magada su ce ba da yawunsu ba. Don Allah kada ka biya sai gaban mai unguwa da shaidu biyu. A rubuta adadin kuɗi, ranar shiga, da cewa gyaran da ka yi za a cire shi daga haya. Ka nemi biyan wata shida-shida, don masu gida da yawa suna yarda wa ma'aikacin da suka san wurin aikinsa.