Me Ya Sa Wasu Yankuna Suka Fi Fitar da 'Yan Ƙwallo?

Tambaya: Malam, na lura wasu garuruwa kullum su ke fitar da manyan 'yan ƙwallon ƙafa, wasu kuwa ga jama'a maƙil amma shiru kake ji. A jini abin yake? Ko matsa wa yara da atisaye tun suna ƙanana ne sirrin?

Amsa: Ɗan'uwa, ba a jini yake ba. Baiwa Allah ya watsa ta ko'ina. Inda wurare suka sha bamban shi ne ko yaro na da inda zai buga kullum, da babban da ya san ƙwallo zai gyara masa, da kuma hanyar da idon manyan kulob zai kai kansa.

Dubi unguwannin da suka kewaye Paris. Mbappé a Bondy ya tashi, a lokacin mahaifinsa koci ne a kulob ɗin garin. Henry ɗan Les Ulis ne, Mahrez kuma ɗan Sarcelles, ko da yake Aljeriya yake yi wa wasa. A can za ka ga dogayen benaye cike da yara, a ƙasa ga ɗan filin siminti an kewaye shi da waya. A irin wannan matsatsi babu wurin sheƙa gudu. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarka mutum biyu sun taso maka, dole ka san inda za ka kai ta tun tana hanya. Yaron da ya yi shekaru a haka, ranar da ya shiga babban fili sai ya ga sarari har ya yi masa yawa. To amma filin kaɗai bai isa ba. Kusan kowace unguwa na da ƙaramin kulob mai rajista da kociyoyi masu takarda, masu farautar 'yan wasa na zagayawa ƙarshen mako, ga kuma cibiyar horar da 'yan ƙwallo ta ƙasa da ke Clairefontaine, wadda aka buɗe a 1988.

Uruguay mutanenta ba su kai miliyan 4 ba, amma ta ɗauki kofin duniya a 1930 da 1950, kuma gasar yara ta zama al'ada a ƙasar. Suárez da Cavani duk a garin Salto aka haife su a 1987, tsakaninsu makonni uku.

Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa kuwa ta nuna abin da makaranta guda za ta iya yi. A 1994 Jean-Marc Guillou ya kafa makarantar ƙwallo ta kulob ɗin ASEC Mimosas, inda yara ke atisaye ba takalmi har sai ƙafarsu ta saba da ƙwallo. A 1999 samarin nan suka doke Espérance ta Tunisiya 3-1 a kofin Super na Afirka. Daga can Kolo da Yaya Touré suka fito. Shi kuwa Sadio Mané sai da ya bar ƙauyensu Bambali ya tafi Dakar kafin a gan shi, kuma abin da ke damuna ke nan: irinsa nawa ne ba su samu kuɗin mota ba?

Batun matsi kuma, ban yarda da shi ba. Yawan wasa daban, takura daban. Yaro ɗan shekara 9 da ake yi wa tsawa a bakin fili, a cire shi daga makaranta saboda atisaye, sau da yawa gwiwarsa ko zuciyarsa ce ke gajiya kafin ya balaga. Mafi yawan yaran da ke shiga makarantun ƙwallo sallamarsu ake yi. Kuma zaɓen wuri yana kuskure: Kanté manyan makarantu sun ƙi ɗaukarsa, ya zauna a ƙaramin kulob na Suresnes har ya kai shekara 19, ga shi ya ɗauki kofin duniya a 2018.

Idan kana da yaro mai sha'awa, bar shi ya buga da sa'anninsa da waɗanda suka girme shi, ka nema masa koci mai haƙuri, karatunsa kuma kada ya tsaya. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi zai fitar da shi Turai, ka sani dokar FIFA ta hana cinikin ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa, sai bisa 'yan sharuɗɗa ƙalilan.