Itace da Duwatsu a Akwatin Kifin Ado: Amsar Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tsinci wata busasshiyar saiwa mai kyan siffa a bakin kogi, na wanke ta na sanya a akwatin gilashin da nake kiwon kifin ado. Cikin kwana 3 ruwan ya rine kamar shayi, saiwar ta ƙi nitsewa, wani farin abu mai yauƙi kuma ya fito a jikinta. Shin kifina na cikin haɗari? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abubuwa ukun da ka lissafa babu wanda yake kashe kifi a cikinsu, amma akwai na huɗu da ba ka ambata ba, wanda shi ne ya fi damuna, wato sanin bishiyar da saiwar ta fito daga gare ta.

Launin shayin nan daga sinadarin tanin yake, wanda shi ne majema suke samu a bagaruwa su jeme fata, shi ne kuma yake sa shayi ya yi bauri idan ya daɗe a wuta. Tanin yana ɗan ƙara wa ruwa tsami, ma'aunin pH, wanda ake auna tsamin ruwa da shi, ya sauka kaɗan, kuma akwai kifayen da haka suke so, domin ire-iren tetra, wasu ƙananan kifayen ado da ake kawowa daga yankin Amazon, a baƙin ruwa irin na kogin Riyo Negro suka saba rayuwa. Idan launin ne bai yi maka ba, sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, tare da sanya gawayin tace ruwa a cikin na'urar tace ruwan akwatin, zai rage shi a hankali. Farin yauƙin kuwa ƙwayoyin halitta ne da suke cin ragowar zaƙin da ke jikin itacen, kuma yakan ɓace da kansa cikin 'yan makonni, ko ka goge shi da sabon buroshi.

Inda ake yin asara shi ne wajen zaɓe. A kogi, ruwa mai gudu yana kwashe duk abin da itace ya fitar, amma a akwatin da bai wuce lita 60 ko 100 ba, abin da ya fito yana nan tare da kifin dare da rana. Aduwa, alal misali, an daɗe da sanin cewa ɓawonta da 'ya'yanta suna bugar da kifi, har masunta a wurare da dama a Afirka sun yi amfani da ita don wannan aikin, kamar yadda aka yi da magimfa. Darbejiya tana da sinadarin da ake haɗa maganin ƙwari da shi, tumfafiya da tinya suna da farin ruwa mai guba, itacen turare kuma yana da mai mai ƙarfi. Haka nan katakon da aka yi wa fenti ko aka shafa wa maganin gara bai kamata ya kusanci akwatin ba. Saboda haka ina ba ka shawara ka cire saiwar yau, kuma idan ba ka iya gane bishiyarta ba, ko ka same ta kusa da gonar da ake feshi ko inda ake wanke motoci, ka haƙura da ita komai kyanta. Masu sayar da kayan kifin ado sukan kawo itacen mofani daga kudancin Afirka, wanda nauyinsa yake sa ya nitse tun ranar farko, ko da yake shi ma yana rina ruwa sosai.

Idan ka tabbatar itacen mai tauri ne, ya bushe ƙarau, ba ya wari, farce kuma ba ya shiga jikinsa, sai ka ɓare duk ɓawon, ka kankare ruɓaɓɓen wuri, ka goge shi da ruwa zalla. Kada sabulu ko garin wanki ya taɓa shi, domin itace yana tsotsa ya riƙe. Daga nan ka tafasa shi awa 1 zuwa 2 a tukunyar da ba a girki da ita, sannan ka jiƙa shi a bokiti mako 2 ko fiye, ka danne shi da dutse, kana zubar da ruwan kowace rana har ya fara washewa. Jiƙon ne yake fitar da iskar da ta hana shi nitsewa, kuma babban itace yakan kai wata guda ko fiye kafin ya zauna a ƙasa.

Tambaya: Yaya batun duwatsu da ƙananan tukwane? Ina so in yi wa kifina maɓoya. Daga wata mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Malama, yankinku yana da dutsen farar ƙasa da yawa, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina, don haka gwaji ya zama dole. Ki ɗiga ruwan khal ko na lemon tsami a kan busasshen dutsen, idan ya yi kumfa to zai narke sannu a hankali ya ɗaga ma'aunin pH. Wannan ya dace da kifayen siklid na tafkunan Malawi da Tanganyika, amma bai dace da tetra ba, kuma hukuncin ɗaya ne ga kuɗin wuri da ƙwanson katantanwa. Ki goge dutse da ruwan zafi kawai, kada ki ɗora shi a wuta, domin yana iya fashewa, ki kuma guji wanda yake da tsatsa ko ƙyallin ƙarfe.

Tukunyar ƙasa da aka gasa, wadda ba a shafa mata fenti ba kuma ba a taɓa zuba mai ko taki a cikinta ba, maɓoya ce mai kyau. Ki goge kaifin bakinta, ki toshe ko ki faɗaɗa duk ramin da kifi zai iya maƙalewa a ciki, sannan ki ajiye manyan duwatsu a kan gilashin ƙasa kafin ki zuba yashi, don kada kifi mai tono ya haƙe ƙarƙashinsu su rufto masa.