Zauren Anti: Bikin kwana biyu a otal ɗin sahara, daga ina ake farawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina miki fatan alheri. Ƙanwata ce za ta yi aure, ita da angon suka ce su kam ba sa son bikin nan na sati guda da ake gamawa kowa ya kwanta ciwo, so suke a tafi wani otal da ke cikin sahara a bayan garin Dubai, a shiga Juma'a a fito Lahadi, mutum kamar 30 kawai, a ci abinci a huta a dawo. Angon zai iya ɗaukar nauyi, ba nan matsalar take ba. Ni aka dankawa tsarin gaba ɗaya kuma wallahi kaina ya ɗau zafi, don gwaggonninmu har sun fara cewa ai sai an yi kamu da sa lalle da dina da buɗar kai duk a can. Daga ina zan fara?
Yayar amarya, Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Ki fara da raba abu biyu, aure daban, tafiya daban. A ɗaura aure a gida, a masallacin unguwarku ko ƙofar gidan waliyyi, a ba da sadaki a gaban shaidu, a raba goro da alawa, dattawa su sa albarka, a yi wa mata wuni guda su zo su ga amarya su yi kamunsu. Sannan a tafi. Ba don al'ada kaɗai na faɗi haka ba, ɗaurin aure a Dubai ba abu ne da za ku kira malami gefen rairayi ya yi muku a wuce wurin ba in dai kuna son hukumar can ta san da shi, sai an bi ta kotu da gwajin lafiya da takardu, ku kuwa baƙi ne da bizar yawon buɗe ido. Me zai kai ku wannan wahalar?

Su gwaggo kuma ki lallaɓa su da girmamawa amma ki tsaya a kan magana ɗaya. In aka kwashi kamu da sa lalle da dina da buɗar kai aka cusa cikin kwana biyu, to bikin sati gudan da yaran suka gudu ne aka yi, sai dai an ƙara masa kuɗin jirgi da gajiyar hanya, amarya za ta wuni a gaban mai kwalliya ana ɗaura mata kallabi ana kwancewa, ba za ta ma ga saharar da aka je dominta ba. Taro ɗaya tak za a yi a can, walimar daren Asabar. Sauran lokacin a bar mutane su sarara.

Sai lokaci. Sahara ba ta shiguwa kowane wata, daga Nuwamba zuwa Maris ne ake iya zama a waje, da bazara kuwa wajen Yuli da Agusta zafi yana haura digiri 45, babu mai zama a kan rairayi. A cikin watannin sanyin ma ki tsallake ƙarshen Disamba zuwa shigowar sabuwar shekara don lokacin ne kuɗin ɗaki yake tashi sama, kuma ki duba kalandar Musulunci, azumin 2027 cikin Fabrairu zai kama. Ni da za a bi tawa tsakiyar Nuwamba ko tsakiyar Janairu zan ce. Kuma ki rubuta wa kowa a guruf ɗin WhatsApp da manyan baƙi cewa dare akwai sanyi, irin na hunturun Katsina da asuba, duk wacce ta taho da leshi mai shara-shara ba mayafi mai kauri ba suwaita to a ɗaki za ta ƙare walimar.

Maganar biza ita ce wadda nake so ki fi tsoro. Kin dai tuna Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta rufe wa 'yan Najeriya biza a 2022, sai a Yulin 2024 aka buɗe, jirgin Emirates ma sai Oktoban 2024 ya dawo Legas, kuma tun daga nan sharuɗɗan ba sa zama wuri guda. Saboda haka kada ki biya otal kafin alƙalami mai nauyi sai kin zauna da ejan ɗin tafiye-tafiye mai rajista ya duba miki mutanen ɗaya bayan ɗaya, musamman ƙawayen amarya da abokan ango matasa. Fasfo ɗin kowa ya zama da sauran aƙalla wata 6. A fara neman ta amarya da ango da iyaye, in tasu ta fito sai a bi da sauran. Kuma a rubuta a yarjejeniyar otal cewa za ku iya rage yawan mutane zuwa wata rana da aka sa, don cikin mutum 30 da wuya a ce kowa ya samu.

In daga Kano ko Abuja za ku tashi, yawanci sai an yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, ga Dubai tana gaban Najeriya da awa 3. Kada ki yarda a ce za a tashi ranar Juma'a. A tashi Laraba ko Alhamis, a kwana a cikin gari, masu son kasuwa su yi kasuwarsu su ƙoshi a Deira tun a lokacin (in ba haka ba ranar walima za ki nemi rabin mutanenki ki rasa, sun tafi sayen gwal da atamfa), a yi sallar Juma'a a gari, sannan bas ɗaya ta kwashi kowa zuwa otal. Bas ɗaya nake cewa, ba kowa da tasinsa ba.

Wane otal? Akwai Bab Al Shams, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga cikin Dubai, shi ya fi dacewa da taron dangi mai yara da tsofaffi, don in wani abu ya taso asibiti ba nisa. Akwai Al Maha a cikin gandun dajin da gwamnati ta keɓe, wuri ne mai shiru sosai da barewa ke yawo kusa da ɗakuna, amma ba sa karɓar yara 'yan ƙasa da shekara 10 kuma ba wurin kiɗa da hayaniya ba ne, ya fi kyau ango da amarya su wuce can su biyu bayan kowa ya watse. Sai Qasr Al Sarab a yankin Liwa na Abu Dhabi, can ne tuddan rairayi na gaske suke, sai dai daga Dubai tafiyar awa uku ce ko fiye, ga biki na kwana biyu da tsofaffi a mota ni ban ba da shawara ba.

Da za ki yi magana da su, kada farashin farko ya ruɗe ki. A Dubai ana ɗora kashi 10 na hidima, kashi 7 na hukumar birni, kashi 5 na harajin VAT, ga wani ɗan kuɗin yawon buɗe ido a kan kowane ɗaki kowane dare. Ki ce su ba ki jimilla da komai a ciki, a rubuce. Dirhami a ɗaure yake da dala, wajen 3.67 a dala ɗaya, to ki yi lissafinki da dala kada naira ta motsa ta bar ki a tsakiyar hanya. Ki tambaye su mafi ƙarancin kuɗin da dole ku kashe kafin su keɓe muku fili, ƙarfe nawa ake kashe kiɗa, ko za su yarda ku zo da mai hotonku da mai kwalliyarku. Ki ce a cire giya daga tsarin kwata-kwata har da ta cikin firjin ɗaki, sun saba da wannan, ba za su yi mamaki ba. Ki nemi wurin sallah kusa da filin walima da inda mata za su yi alwala a tsanake. Sannan ki dage a ajiye muku zaure na cikin gini ko da iska ta taso da ƙura, ruwa ma yana iya sauka, wanda aka yi a Afrilun 2024 har filin jirgin Dubai sai da ya cika.

Ranar Asabar ɗin ga yadda nake ganinta. Safiya babu komai, mai barci ya yi barci, mai son hawan raƙumi ya hau. A fara yi wa amarya kwalliya bayan azahar. Da sanyi rana tana faɗuwa da wuri, wajen biyar da rabi zuwa shida, kuma hasken da ake so na hoto shi ne na bayan la'asar, to ƙarfe huɗu a ce kowa ya fito, a yi hotuna, a yi magariba, sannan a zauna cin abinci. Wani babba ya yi addu'a da nasiha gajeriya, a ci a yi hira. Ba kwa buƙatar emsi da zai riƙa kiran sunaye ana fitowa liƙi, ku 30 ne duk kun san juna. Abinci kuma ki bar su su yi abin da suka iya, gasasshen rago a kan shinkafa, gurasa, dabino da gahawa, kada ki takura kuku ya yi miki miyar kuka ya ɓata. Yaji dai ki zo da naki a ƙulle. A gaya wa 'yan mata ban da takalmi mai tsini, nutsewa yake a rairayi.

Lahadi a karya tare a makare, a yi sallama, bas ta mai da mutane gari.

TAMBAYA: Anti ni uwar ango ce, ɗana ma irin wannan bikin yake so. Abin da ke damuna dangi, mu gida ne mai yawa, in aka ɗauki wasu aka bar wasu ai an ɓata zumunci. Kuma ina shan magungunan ciwon ƙafa, ban san ko za a bar ni in shiga da su ba.
Hajiya, Zariya

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Damuwarki gaskiya ce kuma bai kamata yara su yi wasa da ita ba. Abin da ke ɓata rai ba rashin zuwan ba ne kawai, a ce mutum ya tsinci labarin a Instagram ne. Ku yi walima ta gida mai kyau ranar ɗaurin aure wadda kowa zai zo ya ci ya sa albarka, sannan ku sa ƙa'ida guda da za a iya faɗa a gaban kowa ba kunya, misali iyaye da 'yan ɗaki ɗaya da aminai bibbiyu. Da zarar kin saka 'yar ƙanwarki ɗaya kin bar ɗaya to rigima ta samu ƙofa. Kuma ke da kanki ki je gidan manya ki faɗa musu tun kafin a tafi, kada a aika yaro.

Magani kuwa ki kula sosai. Daular Larabawa tana da tsauri a kan irin su tramadol da duk abin da ke da kodin a ciki, mutum yana iya shiga matsala babba a filin jirgi. Ki kai wa likitanki duka magungunan ya duba, ya rubuta miki takarda da Turanci mai sunanki, ki bar su cikin kwalinsu na asali, in akwai wanda ke cikin jerin da suke sa wa ido ana neman izini ta intanet daga hukumarsu kafin a tashi. Kada kuma ki karɓi saƙon ƙullin kowa ki sa a jakarki. Ki sa a nema miki ɗaki kusa da wurin cin abinci, otal-otal ɗin nan faɗi gare su, amma suna da 'yar motar da ke ɗaukar baƙi, ki kira ta kada ki ji nauyi.

TAMBAYA: Anti lalle fa da turaren wuta? A can za a yi ko a nan?
Amarya, Maraɗi

AMSA: 'Yata a gida za ki yi lallenki, kwana biyu kafin tafiya, wurin wadda kika san hannunta. Masu lalle suna nan da yawa a Dubai amma ja suke yi, baƙin nan na dayis an hana shi a shagunansu saboda yana ƙona fatar wasu, ke ma in za ki yi a gida ki gwada kaɗan a hannu tukuna, kada ki wayi gari da kumburi ana saura kwana ɗaya. Humra da turarukan ruwa a naɗe su da kyau a sa a babbar jaka, ba ta hannu ba. Turaren wuta kuma Larabawa ma mutanensa ne, amma kada ki kunna gawayi a ɗaki ki rufe ƙofa, akwai na'urar jin hayaƙi a silin, za ta tashi otal gaba ɗaya. Ki tafi da kasko na lantarki, ko ki tambayi ma'aikata inda aka yarda a turara kaya, yawanci baranda za su nuna miki.