Amsoshin Tambayoyinku: Wane Faifan "Winterreise" Zan Saya?

Tambaya: Ina karatu a Jamus. An ce mu saurari "Winterreise" na Schubert, sai na tarar mawaƙa da yawa sun rera shi. Kuɗin faifai ɗaya gare ni, ina tsoron asara. (Ɗaliba daga Kolon)

Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Waƙoƙi 24 ne, baitocin Wilhelm Müller da Schubert ya yi wa kiɗa a 1827, murya ɗaya da fiyano ɗaya. Fara da mawaƙi Dietrich Fischer-Dieskau tare da makaɗin fiyano Gerald Moore. Kowace kalma tana fita tar daga bakinsa, ga mai koyon Jamusanci kuwa wannan riba biyu ce. Sai dai ki duba shekara a bayan kwali, domin sun naɗa shi fiye da sau ɗaya. Ni na 1962 nake so, lokacin muryarsa ta nuna. In kuma kina son siririyar muryar namiji, irin wadda Schubert ya rubuta dominta, nemi na mawaƙi Peter Pears da Benjamin Britten a kan fiyano, na 1963.

Tambaya: Mace ta isa ta rera shi? (Wani daga Kaduna)

Je ka saurari Brigitte Fassbaender, malam, sannan ka dawo.

Tambaya: Na ga kwali mai faifai goma a kuɗin guda ɗaya. In saya? (Wani daga Yamai)

Ɗan'uwa, araha ba ta ado. A Turai, abin da aka naɗa aka fitar kafin 1963 ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka, kowa na iya bugawa ya sayar. Wasu ƙananan kamfanoni sai su kwafo daga tsohon faifan garmaho, su kankare ƙarar allura har su tafi da zaƙin fiyano, su liƙa hoto mai kyau. Ba shekarar naɗi, ba sunan makaɗi, ba baitoci balle fassara. Wannan ne ke ba ni takaici! Waƙar da labarinta na matafiyi ne mai karyayyar zuciya cikin dusar ƙanƙara, ta yaya za ka bi ta ba rubutu a hannunka? Haka masu tura waƙa a waya suke yi mana a kasuwa: a matse sauti, a hargitsa jeri, waƙa ta 24 ta zo ta uku.

Nemi bugun manyan kamfanoni, EMI (yanzu Warner), Decca ko Deutsche Grammophon, ko na hannu ne. Kafin ka biya, buɗe ka ga ɗan littafin yana ciki.