Injin faskare ko ƙarin gungumai: ina zan zuba jarina?

Wani ɗan kasuwa ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina sayar da itace ga masu hura murhu don ɗumama gida lokacin sanyi. Ina sarin gungumai, mu yanka, mu faskara da gatari ni da yarona. Bara da sanyi ya kankama masu nema suka yi mini yawa har na kasa cika alkawari. Cikin waɗanda na kai wa ma wasu sun yi ƙorafin itacen ba ya ci, sai hayaƙi, mutum uku sun daina saye a wurina. Yanzu sanyi ya wuce, na tara ɗan kuɗi, an kuma yi mini tayin rance na wata shida. In haɗa in sayi injin faskare, ko in zuba komai a gungumai?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya sa wa nema albarka. Kafin mu taɓa maganar inji, bari in tsaya kan mutum ukun nan, don su suka fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka. Wanda ka kasa kai wa, cinikin shekara guda ka rasa, baɗi zai iya dawowa. Amma wanda ya ba ka kuɗinsa ya kwana da iyalinsa cikin sanyi suna fama da hayaƙi, wannan ya tafi ke nan, kuma sai maƙwabcinsa ya ji labari. Ina kyautata zaton da masu nema suka taso maka, faskarawa kake yi yau ka kai gobe. Idan haka ne, inji ba zai raba ka da wannan matsala ba. Abin da zai ƙara maka kawai shi ne saurin kai wa mutane ɗanyen itace.

Itacen da aka sare yanzu, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wani ma ya zarce haka. Ba ya ci yadda ya kamata sai ruwan ya sauko zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa. Ɗauki alƙalami mu lissafa. Tan ɗaya na ɗanye mai ruwa kashi 50, ainihin itacen da ke cikinsa kilo 500 ne. In ya bushe zuwa kashi 20, nauyinsa zai koma kilo 625, wato kilo 375 sun bi iska. Wanda ya hura shi ɗanye, wutarsa sai ta fara ƙafar da wannan ruwa kafin ta waiwayi ɗakin, shi ya sa kilo ɗaya na busasshe yake ba da zafi kusan ninki biyu na kilo ɗaya na ɗanye. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Hayaƙin ɗanyen itace yana daskarewa a jikin bututun hayaƙi ya zama wani baƙin abu kamar kwalta, mai kama wuta, kuma shi ne yake jawo gobarar bututu a gidaje. Maganar ta kai ga doka a wasu ƙasashe: a Ingila, tun watan Mayun 2021 aka hana sayar wa gidaje itacen da ruwansa ya wuce kashi 20 matuƙar adadin bai kai mita kubik 2 ba (mita kubik ɗaya shi ne tari mai mita guda a tsawo da faɗi da tsayi), ƙananan 'yan kasuwa ne kawai aka ɗaga wa ƙafa na shekara guda. Ka bincika abin da dokar inda kake ta ce.

To wannan bushewa, ita mai saye yake biya, kuma ba a samun ta sai da lokaci. Itace mara nauyi irin su bishiyar fayin (pine) yakan yi wata shida zuwa shekara bayan an faskara shi. Mai nauyi da tauri irin su bishiyar ok (oak) yakan nemi shekara biyu. Gungumen da aka bari da ɓawonsa kuwa ba ya saurin bushewa ta ciki, don ɓawo riƙe ruwa yake yi, ruwan kuma ya fi fita ta bakin yanka da ta fuskar da aka tsaga. Ranar da ka faskara, ranar lissafin bushewa ya fara, ba ranar da aka sare bishiyar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ɗora rancen wata shida a kan wannan ka gani. Kuɗinka zai fita yanzu, a ƙarshen sanyi, ba kuma zai fara dawowa ba sai sanyi mai zuwa ya shigo. Tsakani babu ciniki sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma mai bashi ba ruwansa da wannan, wa'adinsa zai cika tun kayanka suna shanya. Me za ka yi ranar? Za ka ɗebi itacen da bai gama bushewa ba ka karyar da farashi don ka biya. Ka ga ka koma gidan jiya, wannan karon da bashi a wuya. Duk rancen da wa'adinsa bai kai lokacin da kayanka ke ɗauka kafin su koma kuɗi ba, ba na wannan sana'a ba ne. Ka yi wa mai tayin godiya ka bar masa abinsa.

Shi kansa ƙarancin hannu da ka gani bara, ina ganin ba gatari ne ya gaza ba. Aikin wata biyar kuka matse cikin 'yan makonni, cikin sanyi, ga masu saye suna kira. In ka shimfiɗa shi daga yanzu zuwa tsakiyar lokacin zafi, kai da yaronka za ku yi abin da zai ba ka mamaki, musamman da yake itatuwa da yawa sun fi saurin tsagewa tun suna ɗanyu. Waɗanda suka gagari gatari, masu ƙulli da masu murɗaɗɗen jiki da na mahaɗar rassa, kada ku kashe kanku a kansu. Ku ware su gefe guda, in sun taru ka ɗauko hayar inji na kwana biyu ko uku ku gama da su. Ka riƙa rubuta kwanakin haya da abin da ka biya. Duk shekarar da ka ga kuɗin haya ya fara cin wani babban yanki na kuɗin sabon inji, to sana'ar ce da kanta ta gaya maka lokaci ya yi, kuma a lokacin da ribarka za ka saya. Kada ka manta inji yana shan mai, yana son gyara, yana son wurin ajiya, yawancin shekara kuma a zaune yake.

Saboda haka kaso mafi tsoka na kuɗinka ya tafi ga gungumai, kuma yanzu, da yake bayan sanyi nema yana raguwa, ka fi samun bakin ciniki. In da hali ka saya da awon girman tari, kada ka saya da nauyi, don kada ka biya kuɗin ruwa. Ka nemi na kusa, domin dakon ɗanyen itace daga nesa dakon ruwa ne. Akwai ma wani dalili: itacen wuta yana yawo da ƙwari. A Amurka, wani koren ƙwaro mai huda bishiyar ash, wanda aka gano a jihar Mishigan a 2002, ya kashe miliyoyin bishiyoyi, ɗaukar itacen wuta daga wuri zuwa wuri kuma yana cikin hanyoyin da ya bi ya yaɗu, har hukumomi suka sa takunkumi kan fitar da itace daga wasu yankuna. Ka kuma tabbata wanda yake sayar maka yana da izinin sara. Itacen da aka saro ba bisa ƙa'ida ba, in aka kama, jarinka ne zai tafi.

Amma kada ka zuba duka. Ka ware na wurin shanya, wanda nake ganin shi ne ainihin injin wannan sana'a, ga shi kuma da arha. Ka nemi fili mai samun rana da iska, inda ruwa ba ya kwanciya. Kada itace ya taɓa ƙasa: shimfiɗa katakan ɗora kaya ko dogayen sanduna, ka jera a kai, in ba haka ba layin ƙasa zai sha laima ya ruɓe, gara da ƙwari su samu gida. Ka jera sahu-sahu da tazara yadda iska za ta ratsa, tsayin kada ya wuce ƙirjinka don kada ya rushe kan wani. Sai rufi, inda mutane da yawa suke kuskure. Sama kawai ake rufewa, da kwano ko tamfol, a bar gefe a buɗe. Wanda ya naɗe tarin itacensa da leda har ƙasa ya kulle danshi ne a ciki, in ya buɗe sai ya tarar da fumfuna. Kowane sahu ka rubuta masa watan da aka faskara shi da irin itacen, na farkon shiga shi ne na farkon fita.

Sai wani ɗan abu da nake so ka saya tun kafin gungume ɗaya: na'urar auna danshi, ƙarama ce mai tsinke biyu, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ka zaro guda daga tsakiyar sahu, ka tsaga shi, ka soka tsinkayen a sabuwar fuskar, don bayan itace yana iya bushewa cikinsa na jiƙe. Tsofaffin hannu suna ganewa da tsagewar baki, da rashin nauyi, da ƙarar da guda biyu suke yi in an gwara su, kuma duk gaskiya ne. Sai dai lamba a gaban mai saye ta fi dogon bayani. Gani ya kori ji.

Awo ma wuri ne da riba take zurarewa ba a sani ba. A Amurka da Kanada ana sayarwa da kod, wato jerarren itace mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4, kimanin mita kubik 3.6. A Faransa suna da siter, mita kubik ɗaya na itace mai tsawon mita guda. Abin lura shi ne, wannan siter ɗin in aka yanka shi santimita 50 aka sake jerawa, wurin da zai ci ya koma kimanin 0.8, in santimita 33 ne kimanin 0.7, alhali ko tsinke bai ɓace ba, gajeru ne suka fi haɗa jiki. Haka wanda aka watsa a bayan mota ya fi jerarre cika ido, bushewa ma tana ɗan tsuke itace. Idan ka saya da wani awo ka sayar da wani ba tare da ka san bambancin ba, kana iya aikin shekara a banza. Ka ɗauki lodi ɗaya ka bi shi tun daga saye har zuwa sayarwa, ka ga awo nawa ya fitar, ka haɗa kuɗin gungume da dako da mai da wasa zarto da ladan yaro da naka ladan, sannan ka yanka farashi. Ga masu saye kuma ka tsaya kan ma'auni ɗaya, akwaku ko keji da kowa zai gani, da tsawo ɗaya da zai shiga murhunsu. Tambaye su girman bakin murhu kafin ka yanka.

In kuɗin juyawa kake nema, yana hannun masu sayenka. Tun lokacin zafi ka bi waɗanda suka saba da kai, ka ce wanda ya ba da kafin alƙalami yanzu za ka rage masa wani abu, kuma shi ne farkon kaiwa. Wanda yake da fili a gidansa, kana iya sayar masa da sabon faskare a farashi mai sauƙi ya shanya da kansa, muddin doka ta yarda, kuma ka faɗa masa ƙarara cewa ɗanye ne, ga watan da zai fara hurawa. Amma kada ka karɓi kuɗin abin da ba ka da shi a jere. Kuɗin kafin alƙalami amana ne.

Abu ɗaya da ban yarda a yi tsimi a kansa ba shi ne kayan kariya. Injin zarto yana iya zabura ya dawo kan mai riƙe da shi in bakinsa ya taɓa wani abu. Wandon kariya, hular kwano, abin rufe ido da kunne, takalmi mai ƙarfe a baki, naka da na yaronka. Yaron nan ɗan wani ne, a hannunka yake. Sana'ar mutum biyu kuma, in ɗaya ya kwanta wata guda a lokacin faskare, shekarar ta tafi. Ka kuma bar wani abu a ajiye don man mota da gyara, saboda watan farko na sanyi kuɗi fita yake yi kafin ya shigo.

Su kuwa mutum ukun nan, kada ka kira su yanzu, ba ka da abin nuna musu. Bari sai sahun farko ya sauko ƙasa da kashi 20. Ka ɗaure wa kowannensu dami guda, ka je da kanka da na'urar a aljihu, ka ce bara ka kawo musu ɗanye kuma laifinka ne. Ka tsaga guda a gabansu ka auna, ka bar musu damin kyauta su hura a daren.