Na Ci Bashi Ina Jiran Tallafi

Tambaya: Anti, mijina ya rasu ya bar min yara huɗu, ina cikin masu karɓar tallafin N25,000 na gwamnatin tarayya. Ɗana ya kwanta ciwo, na ranci N15,000 a wata manhajar waya, yanzu suna neman N21,000, har saƙon cin mutunci suka tura wa ƙanena. Ga bashin masara a wurin mai kanti. Ya zan yi? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Allah ya ba yaron lafiya, ƴar'uwa. Saƙon nan da suka tura wa ƙanenki ya ɓata min rai matuƙa. Ba su da wannan hurumin. Ki adana shi, ki sa ƙanen naki ya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda ke sa ido kan irin waɗannan manhajoji.

Tallafin da aka ƙaddamar a 2023 biya uku ne, jimla N75,000, kuma yakan makara. Kada ki ƙara rance a kansa. Ranar da ya shigo, manhajar za ki fara sallama, don kuɗin ruwanta ne ke hauhawa. Mai kanti kuwa, ki je da kanki gobe, ki roƙe shi ya riƙa karɓar N1,000 duk mako.